Yadda Aka Shafe Mazaɓar Morne Clovis

Takardar hukumar shata iyakoki ta iso a watan Mayu, mako uku da dawowata daga Leeds ta Ingila. An manna ɗaya a ƙofar makaranta, ɗaya a ƙofar coci. Ta ce ranar goma sha takwas ga Yuni hukumar za ta hauro garinmu, Morne Clovis, ta saurari jama'a. Dokar ba ta da tsawo: duk mazaɓar da masu zaɓenta suka kasa dubu ɗaya da ɗari takwas, za a raba ta ga maƙwabta. A rajista muna da suna dubu biyu da ɗari uku. Ma'aikatan da suka bi gida-gida a farkon shekara mutum dubu ɗaya da ɗari da arba'in suka tarar. Sauran an aika musu wasiƙu, ba amsa. Hukumar kuwa ba ta da ikon soke sunan mutum sai ta tabbatar ya bar garin.

Kowa ya san amfanin kujerar wakilinmu a majalisa. Hanya ɗaya ce ke haɗa mu da bakin teku, mil tara na kwana-kwana a jikin dutse, kuma duk damina ƙasa kan zaftaro ta toshe ta a wuri guda, dab da gadar kogin Blanche. Wakilinmu kan ɗaga waya, katafila ta zo cikin kwana biyu. Ba ƙauna ce ke kawo ta ba. Mu kaɗai ne ke zaɓensa, ba shi da wasu.

Tanti Philomene ce ta ɗora mini aikin. Yayar mahaifina ce, shekararta tamanin da huɗu, kuma ita ce ungozomar garin tun kafin a yanka mazaɓar. Ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Na same ta a kicin tana feraye ɗanyar ayaba, hannunta baƙi da ƙaro.

"Kai za ka rubuta musu, Ambrose. Tarihinmu gaba ɗaya, daga Ticha Alcide zuwa yau. Su san ba daji ba ne nan."

Na ce mata harhaɗa magunguna na karanta, ni ba lauya ba ne. Ta ce takarda takarda ce, shekara goma sha tara na yi a ƙasar masu takardun, in ban koyo yadda ake yi musu magana ba to sanyin banza na sha. Ban yi gardama ba. Na zo ne in gyara rufin gidan mahaifina da ya rasu bara, kuma ban gaya wa kowa tsawon zaman da zan yi ba.

Tarihin bai yi wuyar tattarawa ba. Wakilai huɗu muka yi tun 1961, kuma kowane tsoho a garin ya haddace su kamar addu'ar cin abinci.

Na farko Ticha Alcide Prosper, shugaban makaranta, wanda ya bugi rabin masu zaɓensa da bulala tun suna yara. Yana da kyakkyawan rubutu, kuma da shi ya yi mulki. Ranar Asabar yakan zauna a barandarsa da alƙalami, mutane su yi layi, ya rubuta wa kamfanonin bas da asibitocin Ingila cewa mai ɗauke da wannan takarda mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya makara. Shekara goma sha uku ya yi yana rubutu. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu suka hau jirgin ruwa da takardarsa a aljihu.

Na biyu Mista Cuthbert Laville, mai motar ɗaukar ayaba. Bai iya rubutu sosai ba, amma a zamaninsa aka fara raba katin aikin gona na Kanada, tsinkar tuffa da taba, kuma ta hannun wakilai katin ke bi. Yakan zo da su a aljihun riga, ya raba a ƙofar coci bayan an tashi. Katin na wata shida ne. Mutum kan je ya dawo da rediyo da bargo, ya sake zuwa, ya sake dawowa, sannan wata shekara jirgi ya sauka babu shi. Daga baya ya aiko a kai masa matarsa. Mutum ɗari huɗu da shida.

Na uku Lauya Fenton Giraud. Shi ya gina ɗakin shan magani, shi ya jawo ruwan famfo daga idon ruwan da ke bayan gari. Kati kuwa ya ƙi raba shi. Ya faɗa a bainar jama'a cewa ba a zaɓe shi don ya kwashe garin ba. Suka sa masa suna Mai Ƙulli, wai ya ƙulle musu hanyar fita. Bayan shekara biyar ƙuri'a casa'in ya samu, kuma har yau in an ambace shi sai wani ya tofar da yawu. Famfonsa na nan yana zuba.

Ta huɗu Misis Eudora Lestrade, wadda ke kan kujerar a lokacin. Ita ta buɗe ƙofar jiragen ruwan yawon shaƙatawa da otal-otal na tsibiran arewa, gyaran gado da wankin kwano. Ta kuma san ofisoshin da ke ba da gurbin karatu. Wasiƙar farko da ta sa wa hannu a matsayin wakiliya tawa ce. Ita ba a gama ƙirga nata ba, amma sun kusa ɗari biyar.

Ban nemi waɗannan alƙaluma ba. Duk gidan da na shiga su ake fara ba ni, kafin a ba ni kujera.

Na rubuta shafi shida. Na sa hanya, da zaftarewar ƙasa, da nisan gari daga asibiti, da famfon Lauya Giraud. Game da waɗanda ba a tarar ba, na rubuta layi biyu: suna wajen aiki, gidajensu da gonakinsu na nan, hukuma ba ta da shaidar sun ƙaura. Na tsaya a nan. Abin da za a iya karewa ke nan.

Aka taru ranar Lahadi da yamma a shagon Pa Octave don a ji. Pa Octave ya yi shekara ashirin yana tura baro a masana'antar ƙarfe a Ingila, ya dawo da yatsu takwas da ra'ayi a kan komai. Aka ture teburin wasan domino gefe. Na karanta. Da na gama na ajiye takardar.

"Shi ke nan?" in ji Pa Octave. "Bature, ina mutanen?"

Na tambaye shi waɗanne.

"Mutanen da muka fitar. Ka rubuta famfo. Ka rubuta Mai Ƙulli har layi bakwai, na ƙirga. Ticha Alcide da ya tura mutum ɗari biyu da sha biyu ka ba shi layi uku, kamar wanda ya saci akuya."

Na ce hukumar mazauna take ƙirgawa. In muka kai musu sunayen waɗanda suka tafi, mun yi musu aikinsu. Na faɗa sau ɗaya, a fili.

Ma Celestine mai gasa burodi ta ce ɗanta injiniya ne a Toronto, ba ta ga dalilin da za a ɓoye shi kamar ɗan fursuna ba. Wani ya ce mutanen birni sun ɗauka mu masu noman gwaza ne kawai, to gara su ji inda 'ya'yanmu suka kai. Wani ya ce mazaɓar da ta fi kowace fitar da mutane ita za a fi girmamawa, hankali ma ya nuna haka. Pa Octave ya zuba wa kansa giyar rake, ya ce shi ya gane matsalar: yaron ya je ya koyo kunyar Turawa, su da in ɗansu ya zama gwamna sai su ce yana ɗan taɓa aikin ofis. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa ko dai ina kishi ne, tunda ni kwalaben magani kawai na iya jerawa.

Na dubi Tanti Philomene. Tana zaune kan buhun shinkafa, jakarta a cinya.

"Ba wanda ya tafi," ta ce. "Ni na binne cibiyoyinsu, ni na dasa bishiya a kan kowace. Kwakwar Hilroy na bayan gidan uwarsa, mangwaron Verlyn na bakin rafi. In suna son ƙirga, su zo in zaga da su. Ka sa sunayen, ɗana. Mu ba ɓarayi ba ne da za mu ɓoye 'ya'yanmu."

Da na nace, wataƙila da sun saurara. Ban nace ba. Na ce wa kaina garinsu ne, takardarsu ce.

Mako biyu mutane na zuwa gidan mahaifina. Kowa da nasa, a rubuce a bayan ambulan ko a cikin Littafi Mai Tsarki: suna, shekarar tafiya, garin da yake, aikin da yake yi. Direban bas, Birmingham, 1964. Nas, Brooklyn, 1979. Mai dafa abinci a jirgi. Wata ta sa na gyara, ta ce ɗanta ba mai gadi ba ne, shugaban masu gadi ne. Na buga duka a injin makaranta, na jera su ƙarƙashin sunan wakilin da ya fitar da kowa. Shafi talatin da ɗaya. Suna dubu ɗaya da ɗari da tara. Aikin ya yi kyau, babu kuskure ko ɗaya.

Ranar sha takwas aka share makaranta, aka ɗaura ganyen kwakwa a ƙofa. Mata suka dafa gwaza da kifin gishiri tun safe. Hukumar ta zo a mota biyu: mutum uku da magatakarda. Shugabarsu Mai shari'a Delacourt ce, alƙaliya mai ritaya, 'yar siririya, tabarau rataye a wuya. Suka zauna a teburin malamai, mu a bencin yara, gwiwoyinmu kusa da haɓa.

Misis Eudora ta fara magana. Ta yi minti goma a kan jinin kakanni da ƙasar da ba za a sayar ba, sannan ta nemi afuwa, wai akwai zaman majalisa da rana. Kowa ya riga ya ji jam'iyya ta yi mata alkawarin ofishin jakadanci. Aka tafa mata har motarta ta sha kwana.

Na tashi na karanta shafi shida. Mai shari'a na rubutu. Game da hanya da katafila ta yi mini tambayoyi biyu masu kyau, kuma na ga ɗaya daga cikin mazan hukumar yana gyaɗa kai. Da na zo kan wakilai na faɗi alƙaluma kamar yadda aka umarce ni. A ɗari biyu da sha biyu aka yi tafi. A ɗari huɗu da shida aka buga benci. Da na ambaci Lauya Giraud wani ya yi tsaki daga baya. A na Misis Eudora har da guɗa.

Pa Octave da kansa ya ɗauki shafi talatin da ɗayan ya kai teburi, riƙe da hannu biyu.

Mai shari'a ta sa tabarau. Ta daɗe tana buɗe shafuka. Ta miƙa wa magatakarda, ya ɗauko rajista ya shimfiɗa kusa, ya fara bi da yatsa, nan da can. Ya ce mata wani abu a kunne. Ta tambaya ko iyalan mutanen ne da kansu suka ba da wannan bayani. Ɗakin gaba ɗaya ya amsa e. Ma Celestine ta ɗaga hoton ɗanta a tsaye cikin dusar ƙanƙara. Mai shari'a ta tambaya ko za su yarda a karɓi takardar a matsayin shaida. Suka ce ai don haka aka kawo ta.

Ta cire tabarau. Ta ce wata huɗu ma'aikatanta suka yi suna neman waɗannan mutane ba su dace ba, tana godiya. Ba ta faɗa da izgili ba. Aka sake yin tafi, amma bai kai na baya ba, don wasu sun fara duban fuskata.

Tanti Philomene ta miƙe ba tare da an kira ta ba. Ta faɗi sunanta da aikinta. Ta ce kowane suna a takardar nan yana da bishiya, kuma in Mai shari'a za ta tako ƙofa kawai, za ta nuna mata arba'in daga nan inda suke. Mai shari'a ta tashi ta bi ta. Muka bi su. Daga barandar makaranta ana ganin gangaren har kogi. Tanti ta riƙa nunawa da sandarta tana kiran suna, wannan na wane, wancan na wance, wannan na tagwayen Ma Rosalie. Bishiyoyin sun girma sosai. A ƙarƙashinsu kwakwa ce zube, wasu sun tsiro a inda suka faɗi. Rabin gidajen tagoginsu a rufe da katako.

Mai shari'a ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tambaye ta, cikin ladabi, ko suna dawowa.

"Duka," in ji Tanti. "Bara kaɗai mutum tara. Ba ɗan Morne Clovis da ke yarda a binne shi a ƙasar sanyi. Ko nawa jirgi zai ci sai an kawo shi."

"Ma Philomene, ina nufin waɗanda suka dawo da ƙafarsu."

Pa Octave ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya ce ga shi nan, shekara talatin da dawowarsa. Mai shari'a ta ce shi an riga an ƙirga shi. Ta ce cikin shekara goma da suka wuce fa, ko mutum ɗaya a wannan takarda da ya dawo ya zauna. In akwai alamar mutane na komowa, hukumar na da damar ba da wa'adi.

Sai kowa ya juyo gare ni. Sunana na shafi na ashirin da biyu, na farko a ƙarƙashin Misis Eudora. Ni na buga shi.

"Ga ɗan ƙanena," Tanti ta ce. "Likitan magani. Ya dawo."

Mai shari'a ta tambaye ni yaushe na iso. Na faɗa. Ta tambaya ko na dawo ke nan. Na ce ban yanke shawara ba tukuna.

"Kana da tikitin komawa, Mista Ambrose?"

Ba a rantsar da ni ba. Ba wanda zai bincika jakata. Tanti na gefena, ina jin numfashinta.

"Akwai. Sha huɗu ga Yuli."

Magatakarda ya rubuta. Aka koma ciki, aka rufe zaman. Hukumar ta ci gwaza da kifi, ta yaba, ta sauka kafin ƙarfe uku don hadari na haɗuwa.

Ba wanda ya zage ni. Pa Octave ya daina ce mini Bature, ya koma Mista Ambrose. Tanti ta ci gaba da aiko mini abinci a rufe da tawul, sai dai ta daina kawowa da kanta. Sha huɗu ga Yuli ta zo ta wuce ina kan rufi ina buga ƙusa. Ban tafi ba, kuma har yau ban tafi ba. Wannan bai canza komai ba.

Hukuncin ya fito a Agusta. An soke suna dubu ɗaya da tamanin da bakwai bisa shaidar iyalansu. An raba Morne Clovis biyu a kan kogin Blanche: hagu ga mazaɓar Anse Noire, dama ga Pointe Dubois, kowacce da masu zaɓe sama da dubu huɗu a bakin teku. Aka ɗauke akwatin zaɓe daga makaranta, wai kowane rabi bai kai a ajiye masa akwati ba. Misis Eudora ta aiko da katin ban kwana mai hotonta.

A Satumba ƙasa ta zaftaro a inda ta saba. Ni na yi wayar. Ofishin wakilin Anse Noire ya ce hanyar tasu ce, amma yawancin waɗanda ke bayan zaftarewar mutanen Pointe Dubois ne, a tuntuɓi can. Ofishin Pointe Dubois ya ce mutanen nasu ne, amma ba sa tura katafila cikin mazaɓar wani. Na kira sau goma sha ɗaya. A na ƙarshe yarinyar da ke ɗaukar waya ta tambaye ni yadda ake rubuta Clovis.

Pa Octave ya busa ƙahon gayya ranar Asabar da safe. A da in an busa shi mutum ɗari kan fito da adda da shebur, mata na biye da tukwane. Mu goma sha huɗu muka fito, kuma ni ne na uku a ƙuruciya. Kwana biyar muka yi muka sare 'yar turba a kan tulin ƙasar, faɗin mutum ɗaya. Bas ta koma tsayawa a ƙasan wurin. Ayaba sai a ka. Waɗanda ba za su iya ɗauka ba suka bar ta ta nuna a gona. Nas ɗin da ke zuwa ɗakin shan magani ranar Laraba ta zo sau biyu ta daina.

Aka kira zaɓe a Disamba. Ba ɗan takarar da ya hauro. Fastocinsu sun tsaya a inda bas ke juyawa.

Ranar zaɓe na tarar da Tanti Philomene zaune a ƙofarta da rigar coci da hula, katin zaɓenta a hannu. Wata shida ke nan ba ta nemi komai a wurina ba. Ta ce in samo wanda zai kama mini mu ɗauke ta, ƙafarta ba za ta iya turbar ba. Na samo Kompe Justin, maƙwabcinta, mai shekara sittin da biyu. Muka ɗaure sanduna biyu a jikin kujerar kicin, muka ɗora ta. Ba ta da nauyi. A kan turbar ta rufe ido, ta riƙe hularta da hannu ɗaya. Justin na gaba yana ce mata kada ta saba, shi ba jaki ba ne, in ta ji daɗi gobe ma za ta ce a kai ta kasuwa. Ta ce ya kalli gabansa, ita ta ciro shi daga cikin uwarsa, da ƙafa ya fito, tun ran nan ba ya tafiya daidai.

Mun jira bas awa biyu. Muka isa Anse Noire ana neman ƙarfe uku. A makarantar da ake zaɓe muka bi layi, mutane suka ba ta hanya saboda shekarunta. Ma'aikacin ya karɓi katin, ya duba littafi, ya sake dubawa. Ya kira shugabansa. Shugaban ya ɗauko taswira.

A saman gari kogin ya rabu biyu. Reshen da mu muke kira Blanche shi ne wanda ake wanki a cikinsa, kuma gidan Tanti na hagunsa. A taswira ɗaya reshen ne Blanche, ƙaramin da ke ƙafewa da rani. Gidanta ya faɗa dama. Akwatinta na Pointe Dubois, awa biyu da rabi a bas in an zagaya ta bakin teku, kuma ƙarfe biyar ake rufewa. An liƙa jerin sunayen tun Oktoba a ofishin gidan waya na Anse Noire. Ban je na duba ba. Ba wanda ya je.

Shugaban ya ba da haƙuri, ya sa aka kawo mata kujera da ruwa. Ta zauna a inuwa tana kallon masu shiga da fita da tawada a yatsa. Ba ta san ko ɗaya ba. Can ta tambaye ni su wa ke takara a Pointe Dubois ɗin. Na faɗa mata sunaye biyun. Ta maimaita su a hankali. Ta tambayi sunan iyayensu mata. Na ce ban sani ba. Justin ma bai sani ba.

Ta sa katin a jaka ta ja zif.

"Mu koma tun da sauran rana. Justin ba ya gani sosai in yamma ta yi."

Bas ta sauke mu a ƙasan zaftarewar. Kujerar na nan inda muka jingine ta. Hawa ya fi sauka wuya, sau uku muna ajiye ta mu huta. A hutu na uku Justin ya zauna a ƙasa ya daɗe yana tari, ya ce in ba damuwa mu ɗan ƙara jira. Muka jira.